Mas'uda da Unguwar Rikici

Ni na ɓatar da yaron. Gara in faɗa tun daga farko, kada wani ya zaci labarin bajintata zan bayar. Ba a kasuwa na ɓatar da shi ba, ba kuma a daji ba. Daga cikin jerin yaran da ake bi ƙauye-ƙauye ana yi wa rigakafin ƙyanda na share shi, da layi uku na rubutun kwamfuta waɗanda nake ta hura hanci da su. Ya yi wata biyu da kwanaki babu shi a lissafin kowa, ga ƙyanda tana zagaye ƙauyukan. Wadda ta gano haka ita ce Mas'uda, kuma labarinta nake son bayarwa, ko da yake ta ce in na rubuta ba za ta karanta ba.

Mas'uda 'yar wani ƙauye ce da ke kusa da Fakku, a ƙasar Kebbe. Mahaifinta manomi ne mai 'yan shanu, irin gidajen nan da suka zauna wuri guda tun kaka da kakanni, gero a gaba, garke a baya. Ita ce ta biyar cikin su bakwai, kuma ita kaɗai ta wuce firamare, shi ma don ta ƙi cin tuwo kwana biyu ne sai da aka yarda. Ta yi sakandare a Tambuwal a gidan wata gwaggonta, ta yi makarantar koyon aikin lafiya, aka tura ta ɗakin kati na wani asibiti a garin Kebbe. Shekararta goma sha ɗaya a ɗakin nan lokacin da na san ta. Mijinta, Malam Aminullahi, malamin firamare ne, suna da yara uku.

Wanda bai taɓa aikin ɗakin kati ba yana ganin zama ne kawai a ƙarƙashin fanka. Ni ma aikina ke nan, a wani ƙaramin asibiti da ke kula da ƙauyukan wajen Fakku, don haka na san abin da ke ciki. Mace za ta zo ta ce katinta akuya ta cinye. Wata ta zo da katin maƙwabciyarta don ta ga duk launinsu ɗaya. Ka tambayi ranar haihuwar yaro a ce maka bayan Babbar Sallah da kwana uku, ka tambayi wace shekara a ce ai kai ne mai boko. Yawancinmu muna rubuta abin da ya sawwaƙa ne mu kira na gaba. Mas'uda ba ta iya wannan ba. Takan tsare mace da tambaya har sai ta fitar da abin da za a iya rubutawa, layi kuwa ya yi ta tsawo a waje ana ta tsaki.

A Tambuwal muka haɗu. Wani Malam Mu'awiya, wanda ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ya buɗe ajin koyon rubuta manhaja ranar Asabar a wani shago, da tsofaffin kwamfutoci takwas da farantan hasken rana biyu a kan rufi. Mu goma sha huɗu ne, yawanci malaman makaranta da akawuna. Ni a Tambuwal iyalina suke, duk Juma'a nake dawowa, don haka ajin a ƙofar gidana yake. Ita kuwa daga Kebbe take tasowa bayan sallar asuba, wani lokaci a mota, wani lokaci a mashin, a kan hanyar nan da ke kwance wa mutum ƙugu. Ba ta taɓa fashi ba sai ranar da ɗanta ya karye a hannu.

Kafin in koma aikin asibiti na koyar da lissafi shekara tara, saboda haka ni ne zakaran ajin, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Malam Mu'awiya bai gama bayani ba na gama rubutawa, na harɗe hannu ina kallon rufi. Mas'uda ce ta ƙarshe. Da yatsa biyu take buga madannai, tana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Abin da na yi a layi biyar sai ta yi shi a layi ashirin. Ga tambaya. Malam ya ce wannan yanki yana karɓar shekarun mutum, sai ta ɗaga hannu: "In kuma ba a san shekarun ba fa?" Ya ce yana raba wannan lamba da waccan: "In kuma waccan sifili ta fa?" Ba a yi wata guda ba aka sa mata suna Malama In-Kuma. Ni na sa mata, kuma na ji daɗi da ya bi ta.

A wata na huɗu Malam Mu'awiya ya kawo darasin da ya gundure mu duka. Ya ce manhaja guntu-guntu ce, kowane guntu da aikinsa ɗaya: wannan ya lissafa kwanaki, wancan ya jera sunaye. Ya ce kada mu yarda da guntun da muka rubuta don kawai mun gwada shi sau ɗaya ya ba da amsa. A rubuta masa gwaji. Gwajin nan wani ɗan rubutu ne daban, wanda zai miƙa wa guntun tambayar da ka riga ka san amsarta, ya kwatanta abin da ya fito da abin da ya kamata. In sun yi daidai ya nuna kore, in sun saɓa ya nuna ja. Ka tara irinsu ashirin ko ɗari, ka danna madanni ɗaya, duk su gudana cikin daƙiƙa biyu, kuma ka sake danna shi duk lokacin da ka taɓa rubutunka. Mu dai muka ga aikin banza ne: ka yi aiki, sannan ka zauna kana neman abin kunyarka da hannunka. Na waiwaya zan yi wa na kusa da ni raɗa, sai na ga Mas'uda ta daina motsi, ta zuba wa allo ido.

Ba ta da kwamfuta a gida a lokacin. A bayan tsofaffin katunan da aka soke take rubuta gwaje-gwajenta da fensir, ta lissafa amsar kowanne da hannu, da kalandar bango, ranar Asabar ta zo ta buga su da yatsunta biyu. Kuma ba lambobi kawai take sakawa ba kamar mu. Unguwa guda ta ƙirƙira, ta sa mata suna Unguwar Rikici, ta cika ta da mutane. Akwai yaron da aka haifa ranar ashirin da tara ga Fabrairu. Akwai wanda ba a rubuta ranar haihuwarsa ba sam. Akwai wanda akawu ya gaji ya rubuta cewa baɗi za a haife shi. Akwai mata huɗu a layi ɗaya, kowacce sunanta Hauwa'u Muhammadu. Akwai gidan da suke tashi da shanu da rani su dawo da damina, a yi musu rajista a wuri biyu. Babu ko ɗaya da ta ƙaga daga kanta, duk ta gamu da su a ɗakin kati, sunaye kawai ta sauya. Duk manhajar da ɗan aji ya rubuta, sai ta bi ta Unguwar Rikici, kuma kaɗan ne suka fito da rigarsu.

Malam Mu'awiya ya haɗa mu biyu-biyu don aikin ƙarshe, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya gwada. Ni ya haɗa da ita. Har yau ina zargin da gangan ya yi.

Abin da na zaɓa shi ne ciwon kan aikina. A asibitinmu akwai rajistar yara fiye da ɗari huɗu, kuma duk mako sai na bi ta layi-layi in fitar da waɗanda lokacin allurarsu ya yi, in ba ma'aikatan da ke fita ƙauye. Na ce zan rubuta manhajar da za ta yi wannan da kanta. Guntun farko da na gama shi ne mai lissafa ranar da yaro zai cika wata tara, lokacin allurar ƙyanda. Na gwada da ranar haihuwar 'yata, ya fito daidai. Na miƙa wa Mas'uda ina murmushi. Ta danna, ja ya fito.

"Malam Abdulkarimu, wanga yaro an haife shi talatin da ɗaya ga Mayu," ta ce. "Manhajarka ta ce a yi mishi allura talatin da ɗaya ga Fabrairu. Wace shekara ta ka da wagga rana?"

Aji ya fashe da dariya. Ni, malamin lissafi! Na gyara, ta sake dannawa, wani jan ya fito daga yaron da ba shi da ranar haihuwa. Na gyara wannan, wanda za a haifa baɗi ya kayar da ni. Asabar uku muna haka. Ba ta taɓa yi mini dariya ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai, don da ta yi da na samu abin riƙewa. Sai dai ta juyo allon ta nuna mini da fensir, ta jira.

Daga nan na fara ɓuya. In ta tambayi sauran guntayen sai in ce ban gama ba. Ƙarya nake, na gama tuni. Na ma kai manhajar asibitinmu, na zuba mata rajistar gaba ɗaya, na nuna wa shugabanmu. Aikin yini guda ya koma na minti ɗaya. Shugaba ya kira ma'aikata suka kewaye ni, aka yi ta sa mini albarka, wani ma ya fara kirana Injiniya. Tun daga makon aka ajiye babban littafi, jerin da na'ura ta buga shi ake ba masu fita ƙauye.

Guntun da na fi so a ciki shi ne mai cire maimaici. Mata suna ɓatar da kati, a sake yi musu rajista, yaro ɗaya ya fito sau biyu ko uku. Ba zan iya dogara da sunan yaro ba, domin allurar farko a makon haihuwa ake yin ta, kafin ranar suna, sai ka ga gurbin suna babu komai ko an rubuta jariri kawai. Don haka na yi dabara: in layi biyu suka zo da sunan uwa ɗaya, ƙauye ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to yaro ɗaya ne, a bar na farko a share na biyu. Layi uku kacal. Ya share maimaici talatin da bakwai a ƙiftawar ido, ban ko duba su ba.

Wata biyu aka yi haka. Bazara ta shigo da zafinta, aka fara jin labarin ƙyanda a wasu ƙauyuka na yamma da mu, yara biyu a nan, uku a can.

Wata Laraba da hantsi ina zaune a ofis na ji tsayawar mashin. Mas'uda ce, hijabinta ya yi ja da ƙurar hanya, da 'yar jakarta a hannu. Wata ma'aikaciyarmu ce ta je taro Kebbe ta yi ta yabon manhajar Injiniya, labari ya kai ɗakin kati. Hutun yini ɗaya ta ɗauka ta taso. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta sha ruwa. Sannan ta ciro ɗan filashi, abin ajiyar rubutun kwamfuta da ta zubo gwaje-gwajenta a ciki, ta ajiye a kan teburina.

"Na ji an ce manhajarka tana aiki," ta ce.

"Tana aiki lafiya lau. Wata biyu babu wanda yak kawo ƙara."

"Wanda anka share ba shi kawo ƙara, Malam. Bari in gwada."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata nan ba aji ba ne, wurin aikina ne, kuma na girme ta da shekara goma sha biyu. Ta ce ta sani, shi ya sa ta zo da kanta ba ta aiko ba. Na ce ina da aiki. Ta ce za ta jira, ta ja benci ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora jakar a cinya. Marasa lafiya suna wucewa suna kallonta suna kallona. Na yi kamar ina rubutu na kusan rabin awa, ban rubuta komai ba. Daga ƙarshe na ture mata kwamfutar na ce ta yi abin da za ta yi ta tafi.

Gwaji ashirin da uku ta zo da su. Ta danna. Kore ya yi ta sauka, ni kuma ina ta gyara zama, har na fara shirya abin da zan faɗa mata. Ashirin da biyu kore. Na ƙarshe ja.

"Gwajinki na da kuskure," na ce.

"Mai yiwuwa na. Mu duba." Ta buɗe shi. Gida ne a Unguwar Rikici, uwa ɗaya, yara biyu, rana ɗaya, babu suna ko ɗaya. Gwajin ya ce a shigar da biyu, biyu su fito. Manhajata ta fitar da ɗaya.

"To ai maimaici na," na ce. "Uwa guda, gari guda, rana guda. Mi kika so ta yi?"

"In kuma tagwaye na fa?"

Kakata ta wajen uwa 'yar tagwaye ce. A layinmu a Tambuwal akwai gida biyu masu tagwaye, na ci tuwon sunansu. Amma da na zauna gaban kwamfuta sai na gina duniyar da ba a haihuwar biyu a cikinta.

Mas'uda ba ta tsaya jin abin da zan ce ba. "Nawa tas share?"

"Talatin da bakwai."

"Ɗauko littafin."

Na ɗauko babban littafin daga saman kabad, na kaɗe shi. Muka bi talatin da bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa daga na'ura, tana nema a takarda da bakin fensir. Talatin da ɗaya maimaici ne na gaskiya. Shida tagwaye ne. Muka kira Ni'imatu, ma'aikaciyar da ke fita allura ƙauyuka, ta zo tana goge hannu. Biyar daga ciki ta ce mu kwantar da hankali: uwayen sun kawo yaran biyu-biyu, ita kuma ba za ta ga yaro a gabanta ta ƙi yi masa don takarda ba ta ambace shi ba. Na fara numfashi. Da muka zo kan uwa ta shida, wata Fatsuma, sai Ni'imatu ta matso ta dubi layin.

"Guda tak kawo," ta ce. "Hassan. Jerin ya ce guda, nig ga guda, niy yi mishi."

Mas'uda ta karkata littafin wajen haske. A gefen layi na biyu akwai ɗan rubutu da fensir, na ma'aikacin da ya riga Ni'imatu, wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Ya rubuta cewa nonon uwar bai isa biyu ba, an kai Usaini riƙo wurin kakarsa Hadijatu a Rugar Maccido, hanya da nisa, tsohuwa ce, an ce mata ta zauna za a bi shi har gida. Lokacin da nake zuba rajista a na'ura na ga rubutun, amma ba ni da gurbin da zan sa shi, sai na wuce. Usaini yanzu watansa goma sha ɗaya. Rugar Maccido kuma tana yamma, wajen da ƙyandar take.

Na miƙe na ce mu tafi yanzu. Ni'imatu ta ce rana ta yi, hanyar ba a binta bayan la'asar, sai da safe. Shugabanmu, da aka kira shi, ya kawo nasa: kwalbar allurar ta mutum goma ce, in an fasa sai a ƙarar a ranar ko a zubar, ba zai fasa ta don yaro ɗaya ba, a jira fitar mako mai zuwa. Mas'uda ce, wadda ba ma'aikaciyarsa ba, ta yi magana.

"Ranka shi daɗe, mako guda da yawa na ga yaron da ƙyanda ka kusa da shi. In don tara da za su rage na, ni 'yar wajen ce, na san gidajen. In munka je za mu samu waɗanda ba a yi ma ba. In ba mu samu ba, ka rubuta ni nis sa."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce a shirya akwatin ƙanƙara da safe.

Na ɗauka mun gama na ranar. Ina! Ta ce gobe Alhamis na'ura za ta buga sabon jeri, kuma ba za ta bar garin ba sai ta ga kore. Ta buga wa mijinta waya ta ce za ta kwana gidan yayanta a ƙauyensu. Na zauna gyara. Na farko, na cire guntun maimaicin gaba ɗaya. Tagwaye suka yi kore, amma gidan masu tashi da shanu suka yi ja, yaronsu ya fito sau biyu. Na biyu, na ce a duba suna in akwai. Tagwayen da ba su da suna suka sake komawa ɗaya. Da a da ne da na yi jifa da wani abu. A ranar kuwa duk jan da ya fito sai in ji kamar an riƙo ni ne kafin in faɗa rami. A karo na uku na ƙara gurbi na cewa yaro shi kaɗai aka haifa ko na farko ne ko na biyu, na kuma hana manhajar share kowa da kanta: in ta yi zargin maimaici ta ware layukan ta nuna wa mutum, shi ya yanke. Mas'uda ta ƙara gwaji biyu nan take, ɗaya na 'yan uku, ɗaya na tagwayen da ke gari daban-daban. Ta danna. Ashirin da biyar, duka kore. Ta dube su ta ce, "To." Iyakar yabon da na samu ke nan, ana kiran sallar la'asar.

Da safe muka tashi da mashin uku, Ni'imatu da akwatinta a baya, Mas'uda a gaba tana nuna hanya. Yashi ne da kwazazzabai, sau biyu muna sauka muna turawa. A wani ƙauye da muka ratsa muka ga mata zaune a ƙofar wani gida, aka ce yaro ne ya rasu jiya, ƙyanda. Ni dai tun daga nan addu'a nake yi a zuci, ina roƙon Allah kada Ya kama yaron nan da laifina.

Rugar Maccido gida bakwai ce da garke a tsakiya. Tun kafin mu kashe mashin na hango wata tsohuwa tsaye a bakin hanya ƙarƙashin aduwa, da yaro a bayanta. Mas'uda ta sauka ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, ke ta Hadijatu?"

"Ni ta."

"Wanga shi na Usaini?"

"Shi na."

Ni'imatu ta kwance goyon da kanta. Ta taɓa goshinsa, ta duba bayan kunnuwansa, ta buɗe bakinsa, ta ɗaga rigarsa ta dubi ciki da baya. Ta ɗago ta ce babu zazzaɓi, babu ƙuraje. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfin da ya sa yaron ya firgita.

Mas'uda ta karɓe shi ta miƙo mini. "Riƙe shi, Malam."

Na zauna a kan turmi na riƙe shi. Ɗan siriri ne, mai manyan idanu, yana warin nono da hayaƙi. Ya kama alƙalamin aljihuna yana ja. Da allurar ta shiga ya ƙwala ihu ya sa mini haƙoransa biyu a hannu, ban janye ba. Kafin Ni'imatu ta rufe akwati Mas'uda ta zaga gidajen ta fito da yara shida da lokacinsu ya yi, aka yi musu.

Da muka zo tafiya, tsohuwar ta biyo mu har bakin hanya tana ta godiya, tana neman ta ba mu ƙwaryar nono. Na kasa jurewa. Na ce, "Inna, ki yafe mana, mun yi latti. Laifina na." Ta dube ni ba ta gane abin da nake nufi ba, ta gyara goyonta.

"A'a, ɗana, ai na san kuna tafe," ta ce. "Ku kunka ce kar in taso, sunanai na cikin takarda. Tun watan da yac cika tara, duk ranar da nij ji kukan mashin sai in goya shi in fito nan in tsaya."